Shimfiɗar da Amarya Za Ta Taka

Da Dahi ta ce ba ta son ɗakin biki na cikin gari, a ƙaramin cocin ƙauyensu na kan tudu take so a ɗaura mata aure, uwarta Miran ba ta musa ba. Abu ɗaya ta kawo, shi ne daɓen cocin. Katakon ya tsufa ya yi baƙi, ga tabon kananzir na murhun ɗumama ɗaki ko'ina.

"A kan wannan za ki ja farar riga? Ga dangin mijinki za su taso tun daga Busan."

"Ana sayar da shimfiɗa ta takarda, Umma. Doguwa, daga bakin ƙofa har gaban fasto. A shimfiɗa, a taka, a jefar."

Kakar Dahi na zaune a baranda tana ɓare tafarnuwa, an ɗauka ba ta ji.

"A jefar?" in ji ta. "Ina raye za a shimfiɗa wa jikata takarda kamar za a yanka kifi?"

Tsohuwa Bunrye ke nan, mahaifiyar Miran, wadda duk ƙauyen ke kira 'Yar Namhae, don daga can aka auro ta. Ta haura tamanin. A zamaninta ba amaryar da ta bar wannan gaɓar teku ba tare da ɗinkinta ba: barguna, rigunan biki, da mayafan naɗe kaya da take haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri, ɗinkin ya kwanta kamar a haka yadin ya zo. Sai dai tun bara likita a birnin Tongyeong ya ce yanar ido ta rufe mata idanun duka biyu, sai an yi aiki. Da ƙyar aka shawo kanta. Abin da ya sa ta yarda shi ne an ce za a yi kafin biki, ta ga fuskar amarya tarwai.

"Kaka, ke da ba ki bambance gishiri da sukari?" in ji Dahi tana dariya. "Shekaranjiya wa ya zuba wa miya sukari?"

"Ke rufe min baki, mai ƙafa kamar ta ɗan dako. Don ƙafar nan taki ma sai na ƙara faɗin shimfiɗar."

A ranar ta sa aka sauko mata da ƙunshinta daga saman kabad. Ragowar siliki da na lilin da ta tara tun Miran na goye, ja da shuɗi da rawaya da ruwan hoda. Ta ce falle-falle za ta yi, a ƙarshe a haɗe su. Miran ce ke zura mata zare a allurai da safe, ta jera mata su a jikin matashi, sannan ta sauka shagonta na miyar kifi da ke bakin tashar jiragen ruwa.

Ran da aka gama fallen farko, tsohuwa ta miƙa mata shi da hannu biyu.

"Duba ki gani. Yaya?"

Miran ta ware shi a cinyarta. Ɗinkin ya yi ta yawo kamar sawun kaguwa. Wani wurin allurar ta kama gefe ɗaya ta bar ɗayan, rami ya buɗe har yatsa biyu su shige. Wani ƙyallen an ɗinka shi a bai-bai. Matar da ta taɓa sa Miran warware kalmasar siket gaba ɗaya saboda ɗinki ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, yau ita ta yi wannan. Tsohuwa ta ɗago fuska tana jira, idanun nan fari-fari suna kallon gefen kunnen Miran.

"Kamar da," in ji Miran. "Ba abin da ya canza, Umma."

"Ai na sani. Hannu ba ya mantuwa."

"Bari in tafi da shi shago in goge miki. Dutsen gugar can ya fi na gida zafi."

Bayan cin rana ya lafa, masunta sun watse, Miran ta ja ƙofar shago, ta goge teburin ƙurya sau biyu don kada ƙarnin kifi ya kama siliki. Ta ɗauki ƙaramin almakashi ta soma tsinke ɗinkin uwarta. Kowane zare ta ja sai ta ji kamar gashin kan tsohuwar take tsigewa. Ta mayar da kowane ƙyalle mazauninsa, ta ɗinke da irin ɗinkin da aka koya mata tana yarinya, ƙanana, a jere. Ta goge, ta ninke, ta hau tudu da shi.

Tsohuwa ta shafa shi da tafin hannu, ta sake shafawa.

"Kin ji yadda guga ta kwantar da shi? Ɗinki mai kyau guga kawai yake jira."

Miran ta shige kicin ta kunna famfo, ta tsaya tana kallon ruwan.

Haka abin ya zama musu aiki. Tsohuwa ta ɗinka da safe, 'yarta ta farke da la'asar. Miran na gaya wa kanta tausayi ne, ba ta son zuciyar uwarta ta karye. Amma in tana zaune ita kaɗai da almakashi, ta san ba shi ke nan ba. Tana hango uwar ango, mai jakar fata da ƙamshin turare, tana sunkuyar da kai ta kalli shimfiɗar, sannan ta kalli ƙawarta. Wannan kallon take tsoro, kuma ba don uwarta kaɗai take tsoronsa ba.

Labari ya kai ɗakin taruwar tsofaffin ƙauye. Tsohuwa Dokim, maƙwabciyarsu, wadda bakinta bai taɓa sanin birki ba, ta hauro da sandarta don ta gani da idonta. Ta ɗaga falle ɗaya a hasken rana, ta juya shi, ta kai shi dab da hanci.

"Yaya, ke mayya ce? Ni da idona biyu garau ko maɓalli ban iya sawa. An ce kin makance, ashe ƙarya ake miki."

"Masu faɗa su faɗa," in ji tsohuwa Bunrye, ta gyara zama. "Ku kawo min wadda za ta yi wannan a cikin 'yan matan yanzu."

Ta ƙara cin abinci a kwanakin nan. Ta koma rera waƙoƙin coci tana ɗinki. Miran ta ga haka ta ce wa ranta, to ai ga amfanin abin.

Da ranar asibiti ta matso, suna cin abincin safe, Miran ta ce, "Umma, jibi ne fa. Kada ki ci komai da safen, haka suka ce."

"Ba ni zuwa."

"Kamar yaya ba ki zuwa?"

"Idon da ya yi wancan ɗinkin ne za a sa wa wuƙa? Likitan nan yaro ne, neman inda zai gwada hannunsa yake. Hazo-hazo nake gani, shi ke nan. Wane tsoho ne ba ya ganin hazo?"

"Umma, kin yi alkawari."

"Je ki ɗauko fallen jiya ki duba, sannan ki dawo ki ce min ba na gani."

Miran ta buɗe baki. Saura ƙiris ta faɗi gaskiya. Tsohuwa na lalubar kwanon kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, da tsinken cin abinci, tana dungurar tebur a gefensa, fuskarta cike da jin daɗi. Miran ta tura mata kwanon a hankali ya je ƙarƙashin tsinken. Da rana ta buga waya asibiti ta ce a ɗaga sai bayan biki.

Dahi ce ta kama ta. Ta sauko daga motar Tongyeong ba sanarwa, ta turo ƙofar shago, ta tarar da uwarta da tabarau a karan hanci, tarin tsinkakken zare a gabanta. Ta ɗauki rabin fallen da ba a kai ga farkewa ba, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne na Kaka?"

Miran ta ci gaba da tsinke zare.

"Duka sauran ke kika yi? Umma! Saboda wannan fa ta ƙi zuwa asibiti. Ni ta bugo wa waya tana min alfahari."

"Rage murya."

"Ki gaya mata. In ba za ki iya ba ni zan gaya mata."

"Ki gaya mata me? Cewa abu ɗaya da ya rage mata a duniya shi ma ya tafi? Ke ba ki ga yadda take cin abinci yanzu ba. A bari biki ya wuce. Da kaina zan ɗauke ta in kai ta, ko tana so ko ba ta so."

"Ni da an shimfiɗa karkataccen ma ban damu ba."

"Ke ba ki damu ba. Surukarki fa?"

Dahi ta kalle ta. Miran ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Dahi ta ajiye fallen, ta ce ita ba ruwanta, amma ba ta ƙara maganar gaya wa kowa ba.

Jan zare ya ƙare ana saura falle ɗaya. Miran ta ce za ta sayo in ta sami sarari, sarari bai samu ba, don jiragen kifi sun shigo shago ya cika. Tsohuwa ta gaji da jira. Ta daɗe ba ta sauka daga tudu ita kaɗai ba, amma yanzu ta yarda da idonta. Ta sa rigar fita, ta rataya jaka, ta nufi tashar mota za ta kasuwar Tongyeong. Matakalar dutsen da ke gangarawa bakin titi tana da wani taki da ya fi sauran zurfi. A nan ta taka iska.

Mai kai wasiƙu ne ya same ta, ya zo shago a guje. Miran ta fita da ludayi a hannu, ba ta san tana riƙe da shi ba sai a cikin motar asibiti. Goshi ya fashe, an ɗinke. Tsintsiyar hannun dama ta karye wuri biyu.

"Wa ya bar ta ta fita ita kaɗai da wannan idon?" in ji likitan ƙashi. Ba da faɗa ya yi tambayar ba, yana rubutu ne ma. Miran ta ce ita ce.

"Ba laifinta," in ji tsohuwa daga kan gado. "Takalmin ne ya zame. Idona lafiya lau."

Miran ta fita baranda ta zauna a kujerar roba, ta rufe fuska da gyalen aikinta mai warin albasa.

Da aka dawo gida, hannu a naɗe cikin farin filasta, Miran ta rufe shago ta zauna jinya. Tana ba ta abinci a baki, tana mata wanka, tana taje mata kai. Duk abin da ta yi sai tsohuwa ta ce, "Na wahalar da ke, 'yar nan," ita kuwa gara a mare ta da wannan kalmar. Kullum ta tashi da niyyar yau za ta faɗa, kullum rana ta faɗi ba ta faɗa ba. Fallen ƙarshe, wanda tsohuwa ta kai rabi kafin zare ya ƙare, yana cikin kwandon ɗinki a gefen katifa. Miran ta manta da shi sam.

Tana kicin tana dafa miyar ganyen teku ta ji muryar Dokim a ɗaki, ta zo dubiya.

"Kai! Wannan kuma wa ya yi? Kyanwa kika ba aron allura?"

"Wanne?"

"Wannan na cikin kwando. Dubi rami, har hannuna ya shige. Dahi ce ta gwada, ko? 'Yan makarantar nan, sai dai latsa waya."

Miran ta tsaya da murfin tukunya a hannu.

"Miƙo min," in ji tsohuwa. Can kuma, "Miƙo min ɗaya daga waɗancan na kan akwati."

Miran ta zo bakin ƙofa. Uwarta ta ɗora fallayen biyu a cinya, tana bin ɗinkin wannan da yatsan hagu, ta koma ta bi na wancan, ta sake dawowa. Dokim ta kalli Miran, ta kalli ƙawarta, ta ce ta bar wake a wuta, ta lallaɓa ta fice har tana manta sandarta.

"Miran."

"Na'am, Umma."

"Tun daga na farko?"

Miran ta durƙusa a bakin ƙofa. "Tun daga na farko."

"Na zauna a gaban matan ƙauyen nan ina buga ƙirji. Na ce a kawo min wadda za ta iya. Kina ji, kina zuba musu shayi."

"Na ji tsoron ranki ya ɓaci."

"Raina? Na binne miji, na binne ɗa, ban mutu ba. Ɗinki ne zai kashe ni? Yaushe na zama jaririyar da ake ba cokalin wasa ana cewa ta yi girki?" Ta ɗaga hannun mai filasta kaɗan, ta mayar. Ba ta ce komai a kansa ba, kuma da ta faɗa da ya fi sauƙi. "Fita. Ja min ƙofa."

Kwanaki ba ta yi wa Miran magana ba. Ta ƙi a ba ta a baki, tana ci da hagu, shinkafa na zuba a ƙirjinta. Ta daina waƙa. Dahi ta zo ta zauna kusa da ita, ta ce ita ma ta sani ta yi shiru, tsohuwa ta ce, "Ke yarinya ce," ta juya wa bango fuska.

Biki saura 'yan kwanaki, da hantsi, Miran na shanya a tsakar gida ta ji an ce, "Kawo kwandon nan baranda. Da jan zaren, in kin ga damar sayowa."

Ta kawo. Ta zauna nesa kaɗan.

"Umma, Dahi ta ce a bar wannan yadda kika yi shi. A sa shi a gaba, inda za su tsaya. Ni ma ina ganin..."

"Kina ganin me? A shimfiɗa kunyata a gaban fasto kowa ya zo ya ce wayyo tsohuwa? Tsinin takalmin yarinya ya shige rami ta kife a gaban surukai? Farke shi. A nan, inda zan ji."

Miran ta farke. Ƙarar almakashin kaɗai ake ji, da kukan tsuntsayen teku daga ƙasa. Duk layin da ta ɗinka sai ta miƙa, tsohuwa ta bi shi da yatsa.

"Kin cika jan zare. Tun kina yarinya haka kike, kamar ana bin ki. Sassauta."

"To."

"Wane launi ne a gefen wannan?"

"Shuɗi."

"Cire. Sa rawaya. Shuɗi biyu ba sa zama wuri ɗaya."

Haka suka gama shi, suka haɗe fallayen, suka yi masa bayan farin yadi mai kauri don kada ya zame a katako. Ban da gyaran ɗinki ba abin da ya haɗa su.

Ranar biki rana ta fito sosai. Da aka ware shimfiɗar daga bakin ƙofa har gaban fasto, hasken tagogi ya sauka a kanta, mutane suka yi ta ɗaga waya. Dahi ta tako a kai riƙe da hannun babanta, ba ta yi tuntuɓe ba. Tsohuwa na layin gaba cikin rigar bikinta ruwan toka, an ɓoye filastar a hannun riga. Farin abu kawai ta gani yana matsowa. Ta karkata ta tambayi Dokim ko amarya na dariya ne ko kuka.

Wajen cin taliyar biki uwar ango ta zo har inda take, ta rusuna.

"Kaka, an ce ke kika ɗinka wannan da hannunki. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba."

Miran na tsaye da tire a bayansu.

"Ba ni ba ce," in ji tsohuwa, da ƙarfi yadda teburin tsofaffi zai ji. "'Yata ce. Ni ƙyallayen ne nawa. Idona ya mutu, ba na iya ɗinki."

Duk wanda ya zo yabo haka ta maimaita masa, kalma ɗaya ba ta rage ba. Uwar ango ta juyo ta kama hannun Miran tana ta sa albarka. Miran ta yi murmushi, ta yi godiya, ta kai tiren bayan coci ta tsaya a wajen tulunan miya har sai da fuskarta ta daidaita.

Bayan biki tsohuwa da kanta ta ce a mayar da ita wajen yaron likitan. Aka yi idon dama, daga baya aka yi na hagu. Gani ya dawo fiye da yadda kowa ya zata. A hanyar dawowa tana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi a cikin mota, ta kuma gaya wa Miran cewa ta yi furfura ba ta ko shafa baƙi, abin kunya.

Hannun ne bai dawo ba. An cire filasta, ƙashi ya haɗe a ɗan karkace, yatsu uku ba sa rufuwa. Tana ganin kafar allura yanzu tarwai, amma ba ta iya riƙe ta. Likita ya ce a riƙa gasa shi da ruwan ɗumi ana motsa yatsun, wataƙila a samu wani abu.

Miran ta mayar da buɗe shago baya da awa guda. Kowace safiya takan kawo kwano da tawul baranda, ta ɗora hannun a cinyarta, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci tsohuwa ta yi hira, wani lokaci ta yi shiru tana kallon jiragen da ke fita.

"Ya isa haka," takan ce. "Masunta na jiran ki."

"Saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan. Ruwan ma ya huce."

Sai Miran ta tashi ta ƙaro mai zafi.